Marubutan Denmak da Garin da Ya Yi Musu Kaɗan

Duk masu jin harshen Denmak a duniya wajen mutum miliyan 6 ne. Jihar Kano kaɗai ta fi su yawa nesa ba kusa ba. Amma ɗan harshen nan ya fitar da mutum uku da suka ci kyautar Nobel ta adabi, ya fitar da mai tatsuniyar da aka fassara cikin harsuna fiye da ɗari, ya kuma fitar da wani masanin falsafa da har gobe ake kai ruwa rana kan manufarsa a jami'o'i. Wanda ya zauna ya bi littattafansu zai ga labari guda yana ta dawowa cikin riguna iri-iri: mutum ne garinsu ya yi masa kaɗan. Ko dai ya fi ƙarfin garin da gaske, ko shi ne yake ganin haka, su kuma mutanen gari sun ja daga sai sun daidaita shi da kowa. Marubutan kansu ma, yawancinsu haka rayuwarsu ta kasance.

Denmak ba haka ta tashi 'yar mitsitsiya ba. Da can sarkinta shi ke mulkin Norwe da Aislan da kudancin Suwidin, yana da sansanoni a gaɓar tekun Gana da tsibirai a Karebiyan. Daga nan aka yi ta gutsurar ta. A 1807 sojojin ruwan Ingila suka yi wa Kopenhagen ruwan wuta, suka kwashe jiragen yaƙinta. A 1813 baitulmalin ƙasa ya karye. Shekara guda bayan haka aka ƙwace Norwe aka bai wa Suwidin. A 1864 kuma Purusiya, wata daular Jamusawa, da Austriya suka haɗa kai suka karɓe yankunan Schleswig da Holstein. Abin da ya rage shi ne ƙasa mai babban birni ɗaya tak, inda marubuci da mai sukarsa da mai buga masa littafi da bishop duk suke cin karo a titi guda da yamma. Kuma cikin wannan karayar arziki ne, tsakanin 1800 da 1850, aka yi zamanin da su da bakinsu suke kira na zinariya.

Kafin nan akwai Ludvig Holberg, wanda aka haifa a Bergen ta Norwe a 1684, lokacin ƙasashen biyu suna ƙarƙashin sarki ɗaya. A zamaninsa malamai da Latin suke rubutu, fadawa kuma Jamusanci da Faransanci suke tinƙaho da su. Da aka buɗe gidan wasan kwaikwayo na harshen Denmak a Kopenhagen a 1722, Holberg ne ya cika shi da wasannin barkwanci. A cikinsu wanda ya fi nuna abin da nake faɗa shi ne Erasmus Montanus. Ɗan manomi ne mai suna Rasmus Berg ya je jami'a ya dawo ƙauye da sunan Latin da ɗan banzan iyayi. Ya zaunar da uwarsa ya kafa mata hujja: dutse ba ya tashi sama, ke ma ba kya tashi sama, saboda haka ke dutse ce. Tsohuwa ta fashe da kuka. Har nan dariyar a kansa take. Sai ya ce duniya kewayayya ce, mutanen ƙauye suka ce sam, surukinsa ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai wannan saɓo ba. Ƙarshenta, bayan an yaudare shi ya shiga soja ya sha wuya, ya tsaya gaban jama'a ya amsa cewa duniya shimfiɗaɗɗiya ce kamar fanke, aka ba shi matarsa. Mai girman kai ne, amma shi ke da gaskiya, kuma an tanƙwara shi. Holberg ya bar mai kallo da dariyar da ba ta gama sauka ba.

Mutum biyu suka buɗe ƙarni na 19. Adam Oehlenschläger shi ne mawaƙin da ya rubuta taken ƙasar, kuma a 1805 ya mai da labarin Aladdin na Dare Dubu da Ɗaya dogon wasan kwaikwayo cikin waƙa. N.F.S. Grundtvig kuwa fasto ne da ya bar waƙoƙin coci wajen 1,500, kuma daga tunaninsa aka kafa makarantun manya na karkara, ta farko a Rødding a 1844, inda 'ya'yan manoma ke zuwa su koyi tarihi da waƙa ba jarrabawa ba takardar shaida. A waje ba a cika karanta su ba. A gida kuwa, ba a biki ko jana'iza ba a rera Grundtvig ba, kuma shi ne ya renar wa marubutan baya masu karatu.

Hans Christian Andersen ɗan baduku ne, an haife shi a Odense a 1805, mahaifiyarsa wankau take yi a bakin kogi. Yana ɗan shekara 14 ya kama hanyar Kopenhagen da 'yan kuɗi kaɗan, wai zai zama ɗan wasan kwaikwayo. Bai yi nasara ba, sai wani babban jami'in gwamnati, Jonas Collin, ya nema masa tallafin sarki aka kai shi makaranta, zabgegen saurayi cikin yara ƙanana. Ƙagaggun labarai da wasanni yake sa ran su yi masa suna. Ɗan ƙaramin littafin tatsuniyoyi huɗu da ya fitar a 1835, wanda ya ƙunshi labarin sojan da ya samo ƙyastu a kogon itace da na gimbiyar da ƙwayar wake ta hana barci, shi ne ya zama abin da duniya ta riƙe.

Masu sharhin lokacin ba su yi murna ba. Sun ce rubutun ba shi da ladabi, ba ya koyar da yara tarbiyya. Abin da suke ƙorafi a kai kuwa shi ne sabon abin da ya kawo: ya rubuta harshen Denmak kamar yadda baki ke furta shi, da katse jimla, da kwaikwayon ƙarar abubuwa, da juyowa a yi wa mai sauraro magana. Wannan ne abu na farko da fassara ke kashewa. Masu fassara shi zuwa Turanci a ƙarni na 19 sun goge shi sumul, suka zuba masa zuma, har aka ɗauka kakan yara ne mai daɗin hira. A ainihin labarin 'yar ruwa na 1837, yanke mata harshe aka yi, kowane taku a doron ƙasa kamar ta taka wuƙa, yariman kuma wata ya aura. Yarinya mai tallan ashana sanyi ne ya kashe ta a daren sabuwar shekara, mutane suna ta wucewa. Ɗan agwagwan da kowa ya tsangwama saboda muninsa, ba sai an faɗa maka ko wane ne ba.

Labarinsa da ya fi ɗaci shi ne na inuwa, na 1847. Wani malami ne inuwarsa ta rabu da shi, ta je ta yi arziki ta hanyar leƙen asirin mutane, ta dawo ta mai da shi bara, daga ƙarshe ta auri gimbiya ta sa aka kashe shi. Akwai tsohon miki a ciki. Andersen ya taɓa roƙon Edvard, ɗan ubangidansa Collin, su daina yi wa juna maganar girmamawa irin ta baƙi, su koma ta 'yan'uwa. Edvard ya ƙi cikin ladabi. A labarin, inuwar ce take yi wa malamin irin wannan ƙin. Mutumin da sarakunan Jamus ke gayyata cin abinci, a gidan da ya ɗauka gidansu ne har yanzu ɗan wankau ne. Sai a 1867 garinsu Odense ya kunna fitilu don girmama shi. Labarin sabuwar rigar sarki kuwa, asalinsa daga wani tsohon littafin Sifen ne na ƙarni na 14. Andersen ya ƙara yaron da ya ce sarki tsirara yake, kuma ya ƙara shi ne ana dab da buga littafin. Masu bin diddigin Magana Jari Ce suna lissafa Andersen cikin rijiyoyin da Abubakar Imam ya ɗebi ruwa, don haka mai karatun Hausa ya ɗanɗana shi tun tuni ko bai san sunansa ba.

Cikin waɗanda suka fara caccakar Andersen har da wani ɗalibi ɗan attajiri, wanda littafinsa na farko a 1838 sukar wani ƙagaggen labarin Andersen ne daga farko har ƙarshe. Shi ne Søren Kierkegaard. Gadon mahaifinsa ya ci, da shi ya buga yawancin littattafansa. A 1841 ya warware baikonsa da Regine Olsen alhali yana son ta, ya kuma ƙare rayuwarsa yana zagaye wannan hukunci a rubuce. Daga 1843 littattafai suka fara zubowa, yawanci da sunayen aro, kowane suna da halinsa da ra'ayinsa, wani ma yana ƙaryata wani. Ba ɓuya yake yi ba, don duk Kopenhagen ta san shi ne. So yake mai karatu ya rasa malamin da zai jingina da shi, dole ya zaɓa da kansa.

Littafinsa Frygt og Bæven, na tsoro da makyarkyata, kan Annabi Ibrahim ne da umarnin yanka ɗansa, wanda a Baibul Ishaƙu ne. Kierkegaard bai tsaya kan ragon fansa ba. Ya tsaya kan kwana ukun tafiya zuwa dutsen, uba na tafe da ɗansa, ba ya iya gaya wa matarsa, ba ya iya gaya wa kowa, don duk wanda ya ji zai ce ya haukace ko mai kisan kai ne. Ƙorafinsa shi ne fasto yana yabon wannan imani ranar Lahadi, jama'a su gyaɗa kai su koma gida cin abinci, amma da wani cikinsu zai ɗauki maganar da gaske, faston ne zai fara tsine masa. A ƙasar da kowa Kirista ne tun daga haihuwa, coci kuma ma'aikatar gwamnati ce mai albashi, a ganinsa imani ya zama takardar zama ɗan ƙasa kawai.

Gari bai ƙyale shi ba. A ƙarshen 1845 ya tsokano jaridar barkwanci Corsaren, ita kuwa ta yi wata da watanni tana zana shi da ƙusumbi da wandon da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Mutumin da babban jin daɗinsa shi ne yawon titi yana hira da kowa, sai ga yara suna bin sa da ihu. Da Bishop Mynster, babban limamin cocin ƙasar, ya mutu a 1854 aka yabe shi da cewa mashaidin gaskiya ne, Kierkegaard ya fito fili ya yi wa cocin gwamnati kaca-kaca. Ya yanke jiki ya faɗi a titi, ya mutu a asibiti ranar 11 ga Nuwamba 1855 yana da shekara 42, bayan ya ƙi karɓar jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin ibadar coci, daga hannun fasto. Sai da aka fassara shi zuwa Jamusanci, daga baya Faransanci da Turanci, sannan aka san girmansa, har ake kiran sa uban falsafar wanzuwar mutum da su Sartre, masanin falsafa na Faransa, suka yi suna da ita.

Bayan kayen 1864 ƙasar ta ƙara dunƙulewa. Wanda ya buɗe taga shi ne Georg Brandes, a laccocin da ya fara a Jami'ar Kopenhagen a 1871. Ya ce adabin Denmak ya yi barci, ya ce adabi mai rai shi ne wanda ke ɗora matsaloli a faifai: aure, addini, dukiya, matsayin mace. Sakayyarsa ita ce aka hana shi kujerar farfesa, saboda ana ganin sa mara addini, ga shi kuma Bayahude, ya tattara ya koma Balin na wasu shekaru. Cikin waɗanda suka amsa kiransa akwai J.P. Jacobsen, masanin tsirrai da ya fassara Darwin, wanda Niels Lyhne ɗinsa na 1880 ya bi rayuwar mutumin da ya rabu da imani ya ga tsadar hakan. Tarin fuka ya kashe shi yana da shekara 38.

Idan aka ce in zaɓi ƙagaggen labari ɗaya daga Denmak, Lykke-Per na Henrik Pontoppidan zan ɗauka, wanda ya fito kashi-kashi daga 1898 zuwa 1904. Per ɗan fasto ne da ya tsani gidansu, ya gudu birni ya karanci injiniya, da burin tsaga ƙasar da hanyoyin ruwa ya tashe ta daga barci. Ya samu komai ya zo hannu: Jakobe, 'yar attajiran Yahudawa mai kaifin hankali, ga masu kuɗi sun yarda su zuba jari. Sai ya watsar. Ya auri 'yar fasto, ita ma ya bar ta, ya ƙare shi kaɗai yana duba hanyoyi a wani lungun ƙasar. Littafin bai ce ya ci riba ba, bai ce ya yi asara ba. Pontoppidan ya raba Nobel ta 1917 da Karl Gjellerup, wanda yau ko a Denmak sai an yi tone-tone. Na ukunsu, Johannes V. Jensen, ya karɓa a 1944. A Kongens Fald, labarin faɗuwar Sarki Christian na Biyu, akwai daren da sarkin ya kwana a kwale-kwale yana kai da komo tsakanin gaɓa biyu, ya kasa yanke ko ya yi yaƙi ko ya gudu. 'Yan Denmak sun ga kansu a wannan dare. A 1999 masu karatun manyan jaridunsu biyu suka zaɓe shi littafin ƙarni. Ga kuma Martin Andersen Nexø, ɗan gurguzu, da Pelle Erobreren, labarin yaron gona da ya zama jagoran 'yan ƙwadago.

Wanda ya rubuta dokar garin a fili shi ne Aksel Sandemose, haifaffen Denmak da ya koma Norwe yana rubutu da harshensu. A littafinsa na 1933 ya ƙirƙiri wani gari mai suna Jante mai dokoki goma, ta farko tana cewa kada ka ɗauka kai wani abu ne. Sauran tara duk rassanta ne: kada ka ɗauka ka fi mu sani, kada ka ɗauka wani ya damu da kai. Shi la'antar abin yake yi. Yau a duk ƙasashen Sikandinebiya ana ambaton dokar Jante a hirar yau da kullum, wasu da ƙorafi, wasu har da ɗan alfahari, don ita ce ɗaya fuskar daidaiton da suke tutiya da shi.

Karen Blixen ta gudu daga wannan ƙunci zuwa Kenya a 1914, ta yi shekara 17 tana noman kofi a gindin duwatsun Ngong, a tudun da ya yi wa kofi tsawo. Gona ta karye a 1931, ta dawo ɗakin uwarta ba ko sisi. Da Turanci ta rubuta littafinta na farko, da sunan namiji, Isak Dinesen, kuma a Amurka ya fara fitowa a 1934 ya yi kasuwa. Out of Africa ya biyo a 1937, fim ɗinsa na 1985 ya kwashi kyautar Oska bakwai. Alƙalaminta akwai daɗi, ba musu. Amma mai karatu ɗan Afirka zai lura da abin da marubucin Kenya Ngũgĩ wa Thiong'o ya lura da shi, har ya sa littafin cikin mafi haɗarin abin da aka rubuta kan nahiyar: ƙaunarta ga 'yan ƙabilar Kikuyu irin ƙaunar mai dabba ce ga dabbarsa, tana kwatanta su da namun daji cikin sha'awa. Mutanen da take kira 'yan share-wuri-zauna, masu yi mata aikin kwana 180 a shekara don a bar su su zauna, ƙasar kakanninsu ce. Gaskiya ne da za ta tafi ta yi ta zirga-zirga ofisoshi har aka sama musu matsuguni. Wannan bai goge wancan ba.

Wanda ya dubi Afirka ta ɗaya ƙofar shi ne Thorkild Hansen. Littattafansa uku na 1967 zuwa 1970, kan gaɓar bayi da jiragen bayi da tsibiran bayi, sun tono abin da littattafan makaranta suka taƙaita da cewa Denmak ce ta fara haramta cinikin bayi a dokar 1792. Dokar ba ta fara aiki ba sai 1803, kuma jiragen Denmak sun kwashi 'yan Afirka wajen 100,000. Fadar Christiansborg da ke Osu a Akara, wadda ta daɗe tana zama mazaunin gwamnatin Gana, tasu ce har suka sayar wa Ingila a 1850. Hansen yana da wani littafin na 1962 kan ayarin masana da sarkin Denmak ya tura Yaman a 1761. Su shida suka tafi, Carsten Niebuhr kaɗai ya dawo da rai.

Tove Ditlevsen kuma manyan masu sharhi ne suka raina ta. 'Yar unguwar leburori ce ta Vesterbro a Kopenhagen, ta bar makaranta tana da shekara 14 ta shiga aikatau. Mata sun so waƙoƙinta da shafin ba da shawara da take riƙe da shi a wata mujallar iyali, su kuwa malamai suka ce tsohon yayi ne. Tarihin rayuwarta mai kashi uku, 1967 zuwa 1971, ya faɗi yadda mijinta likita ya jefa ta cikin jarabar allurar kashe zafi, da jimloli gajeru ba neman tausayi. Ta kashe kanta a 1976. Da littattafan suka fito tare da Turanci a 2019 duniya ta ruɗe a kanta, gida ma aka sake duba ta. Inger Christensen ta bi wata hanyar daban: waƙarta alfabet ta 1981 an gina ta kan jerin lissafin Fibonacci, kowane babi tsawonsa jimlar biyun da suka gabace shi, ta fara da itacen marmari ta kai ga bam ɗin nukiliya.

A 2013 wani yaro ɗan shekara 18 mai suna Yahya Hassan, ɗan Falasɗinawa 'yan gudun hijira da ya tashi a birnin Aarhus na Denmak, ya fitar da kundin waƙoƙi da manyan baƙaƙe zalla. A ƙasar da kundin waƙa kan sayar da 'yan ɗaruruwa, nasa ya haura 100,000. Ya rubuta dukan da ya sha a gida, da gidajen gyaran hali, da manyan da yake zargi da munafunci. Musulmi da yawa sun ji zafin kalamansa, an yi masa barazana, an kai masa hari a tashar jirgin ƙasa ta Kopenhagen. Masu ƙin baƙi suka so su mai da shi tutarsu, su ma ya zage su. Garuruwa biyu ne suka yi masa kaɗan a lokaci guda. Ya yi zaman kurkuku, an tsinci gawarsa a 2020 yana da shekara 24.

Akwai tambayar kuɗi, don kasuwar mutum miliyan 6 ba ta ciyar da marubuta da yawa. Tun 1946 Denmak ta fara biyan marubuta kuɗi duk shekara gwargwadon littattafansu da ke ɗakunan karatu na jama'a, ita ce ƙasa ta farko da ta yi haka. A 1964 aka kafa asusun gwamnati na tallafa wa masu fasaha. Nan take wani mai kula da sito a Kolding, Peter Rindal, ya fara tara sa hannun ma'aikata, yana tambayar dalilin da zai sa harajin lebura ya ciyar da mawaƙin da ba a gane waƙarsa. Sunansa ya zama sunan wannan ra'ayi har yau, asusun kuma yana nan yana biya. Solvej Balle, wadda yanzu ake ta fassarawa, ta janye zuwa ƙaramin tsibirin Ærø, ta kafa kamfanin ɗab'inta, a 2020 ta fara fitar da labari mai juzu'i bakwai kan wata mai sayar da tsofaffin littattafai da ta maƙale a ranar 18 ga Nuwamba, kullum ta farka ranar ce. Juzu'i ukun farko sun ci kyautar adabi ta Majalisar Ƙasashen Arewacin Turai a 2022, fassarar na farko kuma ta kai zagayen ƙarshe na kyautar Booker ta duniya a 2025.